Sai-na-buɗe da Akwatin Mama

A layinmu ba wanda yake kiran mahaifina da sunansa. Sai-na-buɗe ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran rediyo a shagon da ke manne da gidanmu, kuma duk wanda ya kawo masa kaya ya tambayi abin da ya lalace, amsa ɗaya yake samu: "Sai na buɗe." Yaushe za a zo a karɓa? Sai na buɗe. Zai gyaru kuwa? Sai na buɗe. An ce ranar da aka je yi masa albishir an haife ni, aka tambaye shi sunan da zai sa mini, haka ya amsa kafin hankalinsa ya dawo jikinsa. Shi dai har yau yana musawa, amma Mama ta ce an yi.

Shagon bai fi taku huɗu ba daga ƙofa zuwa bango. Akwai teburin katako wanda ɗigon dalma ya yi wa tabo ko'ina, da gwangwanayen madara cike da notuna, da kanta mai hawa uku da ke ɗauke da rediyoyin da masu su suka manta da su, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Aikinsa kuwa hanya ɗaya yake bi, ba ya canzawa. Zai kwance notuna ya jera su a murfin kwalba, ya ɗaga bayan rediyo, sannan kafin ya taɓa mitar gwada wuta ko sukudireba sai ya kai hancinsa ya shinshina. Ya yarda, yarda irin wadda ba a ja da ita, cewa duk abin da ya daina aiki akwai inda ya ƙone ko ya tsinke a cikinsa, aikin mai gyara kawai ya nemo wurin. Kuma sai da ya shekara arba'in ba abin da ya ƙaryata shi.

A cikin gida Baba ba mai magana ba ne. Maganar gidanmu gaba ɗaya Mama ce ta riƙe ta. Ta yi shekara talatin tana shugabar kicin a wata makarantar kwana, mata goma sha biyu a ƙarƙashinta, kuma da ta yi ritaya sai ta dawo da muryar gida ta sauke a kanmu. Mama ba ta iya roƙo ba, umarni ta iya. Ko gishiri za ta ara a maƙwabta, sai ka rantse ita ce ta ba su ajiya.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida tana shanya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Da za mu baro asibiti likita ya ja mana kunne: a riƙa juya ta a kan gado, kada shimfiɗarta ta daɗe a jiƙe, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo, kuma gyambon mai kwanciya shi ne ke kai mutum inda ciwon farko bai kai shi ba. Muka ce to. Abin da likita bai sani ba shi ne wadda yake magana a kanta. Mama ta gwammace ta kwanta cikin jiƙa tun hantsi har la'asar da ta buɗe baki ta ce wani ya zo ya taimake ta. Ni ina koyarwa, sai an tashi makaranta nake zuwa. Baba yana shago, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana leƙowa duk bayan awa biyu. In ya tambaye ta ko tana son wani abu sai ta ce, "Na ce maka ina so?" Ya fita, ita kuma ta ci gaba da cije leɓe. Wannan shi ne tsoronmu, kuma da shi muke kwana muke tashi.

Ƙanena, autanmu, yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Shi ne ya aiko da akwatin. Girmansa bai wuce babban gwangwanin madara ba, baƙi, da zoben haske shuɗi a samansa, ba eriya, ba maɓallin neman tasha. Ana jona shi da intanet ɗin gida, a yi masa magana ya amsa da muryar wata mace mai ladabi. Baba ya jujjuya shi a hannu, ya nemi noti bai gani ba, ya ajiye ya ce kayan wasa ne.

Amma Mama ta karɓe shi hannu bibbiyu. Auta ya koya mata kalmomi biyar ko shida na Turanci ta waya: na kunna tashar rediyo, na kashewa, na tambayar lokaci, da na kiran wayata ko ta Baba. Duk nauyin harshenta, in ta faɗa bai ji ba, sai muryar ta ce a yi haƙuri a sake faɗa, ko sau goma ne, ba tsaki ba gajiya. Mama ta sa masa suna "yarinyar nan". Ta samu wadda za ta ba umarni ba tare da ta ji ta zubar da girma ba. In shimfiɗa ta jiƙe, ko bayanta ya fara zafi, sai ta sa a kira wayar Baba. Ya shigo da sauri, ita kuma ta kawar da kai ta ce, "Yarinyar nan ce ta kira ka, ba ni ba. Amma tunda ka zo." Haka muka samu shekara biyu cur ba gyambo ko ɗaya.

Ran wata Talata na zo daga makaranta na tarar zoben ya koma launin ɓawon lemo. Duk abin da aka ce masa jimla ɗaya yake maimaitawa. Na saurara sau uku kafin na gane: wai kamfanin da ya ƙera shi ya daina kula da irin wannan samfurin, a nemi sabo.

Na fassara wa Mama. Ta dube ni kamar na yi mata yaren aljanu.

"Kula kamar yaya? Ai ni nake kula da ita. Kullum sai na sa an goge mata ƙura."

"Mama, su masu ita ne suka rufe ta daga can."

"Masu ita? Ba ɗana ne ya saya ba?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan. Can ta ce a hankali, "Jiya na yi mata tsawa. Na ce tasha, ta kawo mini lokaci, na ce mata sakarya." Sai ta juya ido wajen akwatin ta ce, "Ki yi haƙuri, kin ji?" Shekarata arba'in da uku a duniya ban taɓa jin Mama ta ba ɗan Adam haƙuri ba. Ban ɓoye ba, na ji haushi, har da ɗan kishi, kuma na ji tausayinta ya kama ni.

Auta ya kira kamfanin. Bayan sun yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, suka ce masa sabon samfurin ba ya aiki a ƙasar da muke, kuma shi ma tsohon da ma bai kamata a ce ya taɓa aiki a nan ba. Ya kira mu, na sa wayar a tsakiyar teburin Baba yana yi mana bayani.

"Baba, ka gane, ƙwaƙwalwar ba a cikin akwatin take ba. Tana can a wurinsu. In Mama ta yi magana, maganar tafiya take can, a gane ta, a dawo da amsa."

"Tafiya ina?"

"Wani babban gini nasu, cike da kwamfutoci."

"Ta je ta dawo kafin uwarka ta rufe baki?"

"E, Baba."

"To kai me suka sayar maka? Gwangwani?"

Auta ya yi dariya, Baba bai yi ba. Da aka kashe waya ya dube ni ya ce, "Uwata, yaron nan talla suka yi masa ya haddace. Murya a nan take fitowa, a nan take. Ɗauko mini shi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma in ya kira ni haka ba na iya musa masa.

Rabin yini ya yi yana neman hanyar shiga. Ashe notunan suna ƙarƙashin robar gindi, an manne su da gam. Da ya samu ya ɗaga murfin, ya kai hanci ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi allon cikin, wanda masu gyara ke ce wa fanal, layi-layi. Ya sa mita a ko'ina. Ni ina tsaye a kansa ina jiran in ji ya ce "ga shi nan" kamar yadda na saba ji tun ina yarinya. Bai ce ba. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ba abin da ya ƙone. Ba abin da ya tsinke. Ƙi ya yi."

"To ya ake gyaran abin da ya ƙi?"

"Ban taɓa gani ba."

Kwana uku yana buɗewa yana rufewa. Ya canza abin da bai lalace ba, ya mayar da na da. Ya sake dalmar wuraren da ba su saki ba. Masu kawo gyara suka riƙa tarar da shi zaune ya zuba wa akwatin ido, har mai shayin bakin layi ya tambaye ni ko Baba lafiya, don ya ga ya sha shayi ba sukari bai ce komai ba. A ɗaki kuma Mama ta koma gidan jiya. Ba kira, ba magana, sai kallon wurin da akwatin yake zama a kan durowa.

Ni ce na samo hanyar, kuma ba na alfahari da hakan. Na yi ta lalube a intanet har na faɗa wani dandali na mutanen da kamfanin ya yi wa irin abin da ya yi mana, daga ƙasashe daban-daban, kowa da takaicinsa. Wasu daga cikinsu sun rubuta yadda ake kuɓutar da akwatin. A jikin fanal ɗin akwai wasu ɗige-ɗige uku ƙanana. A manna musu wayoyi da dalma, a jona da kwamfuta, a goge manhajar kamfani, a zuba wata wadda su suka rubuta. Daga nan akwatin ya zama naka, ba mai rufe maka shi daga nesa.

Ran Asabar na aro kwamfutar wata abokiyar aikina, muka rufe rabin ƙofar shago. Ina karantawa ina fassarawa, shi yana riƙe da ƙarfen dalma. Kowace kalma a shafin na san ta ita kaɗai, amma in suka haɗu sai kaina ya ɗaure. Baba kuma tambayoyinsa ba su taimaka ba.

"Kin ce an kulle shi. Nuna mini makullin in cire."

"Baba, ba ƙarfe ba ne. Rubutu ne."

"An kulle abu da rubutu?"

"Haka suka ce."

"Mu kuma da me za mu buɗe?"

"Da wani rubutun."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, wannan aikin malaman tsubbu ne, ba na masu gyara ba."

Amma da aka zo wajen dalma sai na ga mahaifina ya dawo. Ɗigon nan uku ko ƙwayar gero ta fi su girma, ga shi ya haura saba'in, amma hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya manna wayoyi uku siraran kamar gashi, ya hure hayaƙin, ya ce in duba. Na ji kamar in tafa masa.

A ƙasan shafin akwai wani gargaɗi, kuma na karanta masa, Allah ne shaidata. An rubuta cewa bayan an yi wannan aiki akwatin zai kunna duk abin da aka tura masa, amma ba zai ƙara amsa magana ba, kuma ba a komawa baya. Baba ya ce, "Wannan don su ba su iya ba ne. Yarinyar tana ciki, an rufe ta ne. In muka cire makulli za ta fito." Ni kuma na yarda. Mutumin da bai taɓa kuskure a kan abu mai waya ba ne yake magana, ni wace ce? Gaskiya ma ina son in yarda ne.

Sau biyu abin yana tsayawa a tsakiya, kwamfuta ta cika da jan rubutu, mu dubi juna ba wanda ya san ko mun ci ne ko an ci mu. A na uku zoben ya mutu gaba ɗaya. Muka yi tsuru-tsuru. Can sai ya kawo haske kore. Na tura masa waƙa daga wayata, sai ga sauti ya cika shagon, ya fi na da ma daɗi. Baba ya miƙe tsaye. Ya goge akwatin da gefen rigarsa, ya rungume shi ya nufi cikin gida, ina biye.

Ya ajiye shi a kan durowa ya jona. "Ga yarinyarki," ya ce wa Mama. "Yi mata magana."

Mama ta daɗe tana kallon koren hasken. Ta gyara murya, ta faɗi kalmar kunna tasha. Shiru. Ta sake faɗa, tana jan kowane harafi. Shiru. Ta tambayi lokaci. Ta ce a kira ni, ga ni tsaye a gabanta da waya a hannu, wayar ko motsi. Ko jimlar nan ɗaya ta ban haushi da yake maimaitawa a da, yanzu babu.

"Me kuka yi mata?"

Ni na fara bayani, wai yanzu ya fi da, duk abin da take so zan iya tura mata daga wayata. Ina magana ina jin wautar abin da nake faɗa. Wato in tana so, sai ta roƙe ni ke nan.

"Da tana fushi ne," in ji Mama. "Yanzu kun kashe ta." Ta juya fuska wajen bango.

Baba ya fita. Na same shi a shago zaune, hannuwa a kan gwiwa. Ya ce, "Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa. Ba kowa a ciki." Ya ƙara da cewa, "To shekara biyu da wa take magana?" Ban sani ba, kuma har yau in aka matsa mini ba zan iya ba da amsar da za ta gamsar da ni kaina ba.

Sati bai cika ba nas ɗin da ke zuwa duba Mama ta kira ni gefe. Wani jan tabo da ya fito a ƙasan bayanta ya fashe. Bai yi zurfi ba tukuna, in ji ta, amma irin wannan ba ya jira. Ta tambaya ko ba a juya ta ne. Na ce ana juyawa da agogo. Ta ce agogo bai san lokacin da shimfiɗa ta jiƙe ba, mai jikin ce ta sani, sai ta riƙa faɗa. Na kusa yin dariya don baƙin ciki.

Ran Litinin na dawo daga makaranta na tarar da garin siminti a bakin ƙofar Mama, ga wasu fararen wayoyi biyu sun fito daga bayan durowa sun shige wani sabon rami a bango. Na zagaya shago. Baba ya share rabin teburinsa. Ya jera rediyo biyu, da tsohon rikoda mai kaset, da wayarsa, da agogon tebur. A tsakiya ga lasifikar wata tsohuwar rediyo, ba murfi, tana fitar da wani sauti a hankali, yana hawa yana sauka. Sai da na kasa kunne na gane numfashin Mama ne.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kunnen akwatin lafiyarsa lau, na gwada. Mai saurare ne babu." Ya nuna wayoyin da suka ɓullo ta bango. "Wannan ta kawo mini abin da ta faɗa. Wannan kuma ta mayar mata da abin da na kunna."

"Ka gaya mata?"

"Na ce mata an gyara. Na ce yarinyar ba ta magana yanzu, ji kawai take."

"Baba, wannan laɓe ne fa. In ta gane, wallahi ba za ta ƙara buɗe baki ba har abada, ko ga akwati ko ga mutum."

"Na sani."

"To?"

"To ni na kashe, Uwata. Kina da wata dabarar?"

Ba ni da ita. Na tsaya ina jin numfashin mahaifiyata yana fita daga cikin tarkacen shago, na rasa ko in yi fushi da shi ne ko in gode masa.

Kwana biyu Mama ba ta ce uffan ba. Baba kuma bai bar kujerar nan ba sai don salla da juya ta. Ya daina gwada rediyon mutane da ƙarfi. Duk wanda ya shigo sai ya ɗora yatsa a baki, har masu kawo gyara suka koma raɗa ba su san dalili ba. Wani direba ya tambaye ni a waje ko jinjiri aka kwantar a shagon.

A rana ta uku, da hantsi, ta faɗi kalmar kunna tasha. Baba ya ba ni labari da kansa, wai garin sauri ya ture gwangwanin notuna suka watse har bakin titi. Amma tashar ta isa ɗaki. Bayan kwana biyu kuma, ko mantuwa ta yi ko gwaji, ta yi maganar da yarenmu, ta ce a rage ƙara. Aka rage. Ta ce a canza, wannan mai surutun ya ishe ta. Aka canza. Lokaci ne kawai ya gagara, don ba bakin faɗa, sai ya koma ƙwanƙwasa gefen wani tsohon makirufo da ya jona da sukudireba, sau goma in ƙarfe goma ne.

Da na zo da yamma ta ce mini, "Yarinyar nan ta koyi yare."

"Haka ne?" Na shiga ninke zanin da yake a ninke.

"Amma ta zama wata iri. In na ce labarai sai ta fara kawo ƙarar neman tasha, kamar rediyon da. Kuma in aka kira salla sai ta kurumce, sai an idar." Ta zuba mini idon nan nata mai lafiya. "Ko ita ma ta fara salla ne?"

Na ce ban sani ba, kayan zamani ne. Na fita tsakar gida. Ta gane ne take wasa da ni, ko da gaske take tambaya? Fuskar Mama tun da ta shanye ba a karanta ta, rabi yana faɗar abu, rabi ya yi shiru.

Daga nan ta fara hira da akwatin da rana, in ta ɗauka ba kowa kusa. Sau ɗaya na shiga shago na tarar tana magana, muryar tana fita a hankali daga lasifikar. Tana cewa mutumin da ta shekara arba'in da biyar tana zuba wa abinci, ba ta taɓa bari ya ga ko kanta ba ɗankwali a hargitse ba, yau shi ne yake wanke ta kamar jaririya, kuma ko fuska ba ya ɓatawa, da ma zai ɓata da ta samu abin yin faɗa. Baba yana zaune ya sunkuyar da kai, ƙarfen dalma yana ta hayaƙi a banza. Na juya na fita da baya. Daga baya na tambaye shi me kuma take cewa. Ya ce, "Ba ni aka gaya wa ba."

Sai dai abin da aka yi duk wannan wahala dominsa bai samu ba. Tasha take nema, da lokaci, da hira. Kira kuwa ko sau ɗaya ba ta sa an yi ba. Nas ta sake zuwa, ta auna gyambon da ɗan ma'auninta, ta ce ya ƙara faɗi, in bai tsaya ba nan da sati sai an koma asibiti an kwantar da ita. Mama ta tsani asibiti fiye da komai, kuma mu duka mun san in ta shiga a wannan karon da wuya ta fito. Baba yana jin ta ta lasifika tana nishi, tana jan numfashi ta haƙora, amma in ya shiga ba a kira shi ba sai ta ce barci take. Ya rame. Ni kuma na fara tunanin ko gara mu faɗa mata gaskiya kowa ya huta, sai in tuna abin da zai biyo baya in fasa.

Ran Alhamis bayan azahar na kawo masa abinci shago. Ina cikin neman inda zan ajiye kwanon sai lasifikar ta yi motsi.

"Ke yarinya."

Baba ya ɗaga hannu, na tsaya cak. Har na ɗauka ta fasa. Muna jin numfashinta, da ƙarar gado kaɗan.

"Ki gaya wa mai shagon nan bayana yana ci na kamar wuta. Shimfiɗar ma ta jiƙe. Ya zo ya juya ni."

Baba ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, hannu a jikin ƙyaure, ya juyo yana raɗa.

"Uwata, in na shiga yanzu-yanzu za ta gane. A da wayata ce take fara ƙara tukuna. Ko ki kira wayar tawa ta ji ƙararta? Ko in ɗan jira minti biyu?"

Ni ma na rikice, na fara laluben wayata a jaka, kwano a ɗaya hannun, miya tana zuba a kan takalmina. Sai muryar ta sake fitowa, a gajiye, amma da ragowar kaifin nan na shugabar kicin.

"Kuma ki ce masa ya bar tsayuwar shawara a bakin ƙofa. Ciwo nake ji."

Ya tafi. Ta cikin lasifikar na ji ƙarar labule, da jan silifas ɗinsa a kan siminti, da gadon ya amsa nauyinsa. Na ji ta ce, "A hankali, ta wannan gefen." Ya ce, "To." Ba wanda ya ƙara wata magana a cikinsu, ba a yi zancen waya ko ramin bango ba, kuma har yau ba a yi ba. Na ajiye kwanon, na zare ƙarfen dalma daga wuta, na murɗa lasifikar har ƙasa, sannan na zauna a kan kujerarsa na yi kukana.